Kurakuran da ma'aikatan kamfani suka fi yi wajen neman gyara a Wikipedia

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Ma'aikacin kamfani ya buɗe asusu da safe, kafin azahar ya goge sakin layi uku daga muƙalar kamfaninsu, kafin la'asar an mayar da su an kuma toshe shi, sai ya shiga ƙorafi wai an zalunce shi. Ba na yi musu dariya, domin ni ma ta wannan ƙofar na shigo.

Matsalar tana farawa ne daga kalmar "shafinmu". Ba naku ba ne. Muƙala ce da 'yan sa kai suka rubuta a kanku daga abin da jaridu da littattafai suka wallafa, kuma ikonku a kanta bai wuce na kowane mai karatu ba. Hasali ma bai kai ba, tunda kuna da abin karewa.

Ga abin da ya same ni. Ina sashen hulɗa da jama'a na wani kamfani, shugabanmu ya kira ni ya nuna mini layi biyu game da wata tara da hukuma ta taɓa cin mu. Ya ce wannan ya zama tarihi, a cire. Na cire, na tafi gida ina jin na yi aiki. Kashegari layukan suka dawo. Na sake cirewa, suka sake dawowa, har da saƙo a shafina ana tambaya ko ina da alaƙa da kamfanin. Maimakon in amsa, sai na sa abokin aikina ya buɗe nasa asusun ya cire, wai don a ga mu biyu ne masu ra'ayin. Daga ofis ɗaya, a kan intanet ɗaya! Akwai editoci ƙalilan da aka ba izinin duba bayanan da ke bayan asusu idan ana zargin irin wannan, kuma ko ba su duba ba, sabon asusun da bai san komai ba sai goge layi guda ai ya tona kansa. Aka toshe mu duka biyu. Aka liƙa sanarwa a saman muƙalar cewa wani mai alaƙa da kamfanin ya sa hannu a ciki. Abin da ya fi ciwo, wani edita ya ga ana ta kokawa a kan layukan nan, ya je ya tono ƙarin rahotannin jarida, layi biyu suka zama sashe guda mai kanun kansa. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni aka tsayar a gaban shugabanni in yi bayani.

To don Allah ku daina ɓoyewa. Tun watan Yuni na 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda yake yi wa aikin. Albashinka ma biya ne, kada ka ce ai ba a ba ka kuɗi na musamman ba. Ana iya rubutawa a shafin asusunka, ko a shafin tattaunawar muƙalar (inda editoci ke muhawara a kanta), ko a taƙaitaccen bayanin gyaran. Ni a wurare biyun farko nake rubutawa, jimla ɗaya tak: ni ma'aikacin kamfani kaza ne. Kuma tarihin gyare-gyare a buɗe yake ga kowa. A 2007 Virgil Griffith ya fito da manhajar WikiScanner wadda ta haɗa gyare-gyaren da aka yi ba tare da asusu ba da adireshin intanet na ofisoshin da suka fito, manyan kamfanoni da hukumomi suka sha kunya. A 2013 an toshe asusu sama da 250 a binciken kamfanin Wiki-PR, wanda ake biya ya yi wa wasu gyara a Wikipedia. Waɗannan sana'arsu ke nan, aka kama su, balle kai da ka fara jiya.

Kuskure na biyu da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake rubuta buƙatar gyara, wato roƙon editoci su yi maka gyaran maimakon ka yi da kanka. Mutum ya bayyana kansa, ya je shafin tattaunawa kamar yadda ya dace, sai ya zuba sabuwar muƙala ɗungurungum, kalma dubu biyu, ya ce a maye gurbin tsohuwar da ita. Wa zai karanta? Wanda zai duba buƙatarka ɗan sa kai ne da ya dawo daga nasa aikin a gajiye. Ka sauƙaƙa masa: a sakin layi na biyu an ce wane ne shugaba, ya sauka, wance ta gaje shi, a sauya wannan jimla zuwa wannan, ga rahoton jaridar da ta faɗa. Shi ke nan. Ni ba na wuce gyara uku a buƙata ɗaya, kuma da mafi sauƙi nake farawa. Wasu na ganin wannan jan ƙafa ne, amma wanda ya amince maka a ƙaramin abu ya fi saurin sauraron ka a babba.

Game da labari marar daɗi kuwa, idan majiyarsa ingantacciya ce ba zai fita ba, ka faɗa wa shugabanka haka tun wuri. Abin da za ka iya nema shi ne a cike shi: an ɗaukaka ƙara, an soke hukuncin, an biya tarar a shekara kaza. Idan babu majiya ko kaɗan, wannan ka nuna, za a saurare ka.

Sanarwar da ku kuka rubuta kuka raba wa 'yan jarida ba majiya mai zaman kanta ba ce, ko da jaridu goma sun buga ta yadda take. Kada ka kwafo rubutu daga shafin kamfaninku, yana da haƙƙin mallaka, za a goge. Haka hoto: sai mai haƙƙinsa ya sake shi da lasisin da kowa zai iya amfani da shi, har abokan hamayyarku. "Jagaba a fagen", "wanda ba shi da na biyu" da ire-irensu, ka bar su a allon talla. A Wikipedia ta Turanci ba a yarda da asusu mai sunan kamfani zalla ko wanda mutane da yawa ke amfani da shi ba, alhali ta Jamusanci tana da hanyar tantance irin wannan asusun, don haka ka karanta dokar harshen da kake ciki. Kada ka ambaci lauya ko kotu, barazanar shari'a kan jawo toshewa nan take.

Idan kuma wani ya aiko maka saƙo yana cewa shi babban edita ne, ka biya ya gyara ko ya kare muku muƙala, kada ka ba shi ko sisi. A ƙarshen Agustan 2015 an toshe asusu 381 a binciken da aka sa wa suna Orangemoody, kuma irin wannan tatsar masu asusun suke yi wa ƙananan kamfanoni.

Sai jira. Buƙata na iya yin makonni ba a taɓa ta ba, har wata da watanni. A nan ne mutane kan ƙosa su yi gyaran da kansu, su rushe duk abin da suka gina. Ni nakan bar mako uku, sannan in ajiye layi ɗaya na tuni a ƙarƙashin buƙatar, cikin ladabi. Buƙatata ta farko bayan an sake buɗe mini asusun da aka toshe, ta gyaran shekarar kafa kamfani ce kawai, kuma sai da ta yi kusan wata biyu kafin wani ya duba majiyar ya sauya lambar.