Yadda nake ƙara wa manhaja gudu da PGO

Kwamfutata ta tsufa, kuma ban shirya sayen wata ba, don haka duk inda zan tatso ɗan sauri ba na bari. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce PGO (Profile-Guided Optimization), wato sake harhaɗa manhaja bisa yadda aka ga tana aiki.

Kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa shirin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, kamar GCC ko Clang, idan tana harhaɗa manhaja, hasashe kawai take yi game da hanyar da za a fi bi a cikin kod, domin ba ta taɓa ganin manhajar tana aiki ba. To, sai ka nuna mata. Ka harhaɗa da ma'aunai a ciki, ka sa manhajar aiki ta ƙidaya inda ta bi, sannan ka sake harhaɗawa bisa wannan ƙidayar. Sassan da aka fi bi sai ta jera su kusa da juna, ƙananan ayyukan kod (functions) da ake yawan kira kuma ta zuba su kai tsaye a wurin kiran. Firefox da Chrome duk haka ake gina su.

Fara da Python, don an riga an share maka hanya. Cikin foldar kod ɗinta ka rubuta:

./configure --enable-optimizations --with-lto
make -j4
sudo make altinstall

Za ta harhaɗu, ta gudanar da gwaje-gwajenta, ta sake harhaɗuwa. Yana ɗaukar lokaci, ka tabbata akwai caji. Kuma altinstall nake nufi, kada ka danne python3 da Linux ɗinka ke dogaro da ita.

Idan shirinka ne na C, da hannu za ka yi:

gcc -O2 -fprofile-generate shiri.c -o shiri

Sa shi aiki, za ka ga fayil mai ƙarewa da .gcda ya fito. Sai ka maimaita umarnin nan da -fprofile-use a madadin -fprofile-generate, ba tare da sauya suna ko folda ba. Karon farko da na gwada, na gaji da jira na tsayar da shirin da Ctrl+C, na yi ta neman fayil ɗin babu shi. Ashe sai shiri ya rufe da kansa yake rubuta ƙidayar.

Inda na fi so ka natsu shi ne aikin da za ka ba shirin tsakanin harhaɗawar farko da ta biyu. Duk sashen da bai taɓa ba, GCC za ta ɗauka ba a bukatarsa sosai, ta matse shi don rage girma, ko da saurinsa zai ragu. Idan kullum manyan fayiloli kake sarrafawa amma ka horar da shi da ɗan fayil mai layi goma, to ka koya masa aikin da ba naka ba. Ni ainihin fayilolin da nake aiki da su nake ba shi, har da masu kuskure a ciki. Daga GCC 10 akwai -fprofile-partial-training, wanda ke hana matse sassan da ba a taɓa ba.

Bayan haka ka auna tsohon, wanda aka harhaɗa ba tare da PGO ba, da sabon da umarnin time, sau biyar kowanne, a kan fayil ɗin da ba ka yi horon da shi ba. Ranar da ka sauya kod kuma, ka goge tsohon .gcda ka sake daga farko.