Ƙahon sifika a falo: kurakuran da ke cinye katako da kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ya ji kakaki, ya riga ya san aikin ƙaho. Leɓen mutum ɗaya ke busawa, bututun da ke buɗewa sannu a hankali shi ke kai amon nesa. A sifika ma haka ne. Farantinta, wato ɓangaren da ke karkarwa ya fitar da sauti, ya fi iska nauyi ƙwarai, shi ya sa yawancin ƙarfin da ake ba ta yake tafiya a banza, ƙaho kuwa shi ke haɗa ta da iskar ɗaki. Sifikar akwati da wat 1 tana ba da desibel (ma'aunin ƙarfin amo) 87 zuwa 90, ta ƙaho tana wuce 100. Ga mai kunna kaya da batir da hasken rana a Maradi, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙaramin baki. Mutum ya kai wa kafinta hoto, a haɗa masa ƙaho mai baki kamar faifai, sannan ya yi ta jiran bas, wato sautin ƙasa mai kauri. Ba zai zo ba. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, a zafin bazara ma ya kai 355. Raba 343 da 100, za ka ga igiyar sauti mai Hz 100, wato mai karkarwa sau 100 a daƙiƙa, tsawonta mita 3.4 ne. Ana so kewayen bakin ƙaho ya kai wannan tsawon, wato faɗinsa ya ɗan wuce mita 1. Wace uwargida za ta yarda da biyu irin wannan a falonta?

Mafita biyu ce. Ta farko, ka ari bango. Idan ka cusa ƙahon a kusurwa, inda bango biyu suka haɗu da daɓe, su za su ƙarasa maka shi, har filin bakin ya ragu zuwa kashi 1 cikin 8. Dabarar da Paul Klipsch ya gina sifikarsa mai suna Klipschorn a kanta ke nan a Amurka tun 1946. Ta biyu, wadda nake ba mai farawa shawara a kai: bar bas ga akwati na yau da kullum, ƙaho ya ɗauki sauti daga Hz 800 zuwa sama.

Kuskure na gaba shi ne buɗa ƙaho da ƙiyasin ido. Ƙahon da ake so ya sauka Hz 100, filin cikinsa zai riƙa ninkuwa sau biyu ne duk bayan kimanin santimita 19. Fili na ce, ba faɗi ba. A nan da yawa suke faɗuwa. In ya buɗe da gaggawa bas ya ɓace. Zana shi a kwali da ma'auni kafin zarto ya taɓa katako, in kuma za ka naɗe shi cikin akwati, kada lanƙwasar ta zama mai kaifi.

Maƙogwaro, wato ƙaramin ƙarshen ƙahon inda yake haɗuwa da faranti, kada a shaƙe shi. Rabin filin farantin ya isa, ko sulusinsa. Ƙasa da haka murya ta gurɓace, faranti ya wahala.

Katako kuma a sa filawud mai kauri milimita 18, da tokare a ciki, da gam a kowace mahaɗa. Ƙusa kaɗai ba ta riƙewa: laimar damina ta kumbura shi, hunturu ya busar, sai ga tsaga, iska na zurarewa ta nan.

Yanzu ga abin da ya ɓata wa ƙaho suna, har ake cewa na masallaci ne da 'yan talla kawai. Mutum ya yi sautun twita, wato sifikar siririn sauti, daga Kano, ya jona ta kai tsaye da sauran sifikun. Ita tana desibel 105, ta bas tana 95, dole ta soki kunne, kuma ba za ta daɗe ba za ta ƙone. Tana bukatar mai raba sauti da zai tare mata bas, a wajen ninki biyu na inda ƙahonta ya tsaya: mai sauka Hz 400, a yanke shi a 800. Sannan a rage mata ƙarfi da rezisto, ɗan abin da ke rage lantarki, har murya ta daidaita. Gwada da muryar mai karanta labarai da ka saba ji. In ya koma kamar mai magana ta hanci, da sauran aiki. Kuma ka bar neman ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai wat 500. Ƙarami mai tsabta ya fi, don ƙaho yana fito da duk wani huci da ke cikin ampili.

Ɗakin kansa yana da nasa laifin. Tayil da bangon siminti suna mayar da amo, rufin kwano yana karkarwa. Shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri, ka zauna kamar mita 3 daga ƙahon, bakinsa daidai kunnenka.

In ka gama saurare, rufe bakin da ƙyalle. Ƙurar hunturu tana shiga har maƙogwaro, zanzaro ma yana son gina ɗakinsa a can. Sa siririyar raga tun ranar da ka haɗa.