Yadda ake amfani da kalmar chauffeur a Turanci

Na sha ganin matasa suna rubuta takardar neman aikin tuƙi da Turanci, sai su sa kalmar chauffeur domin a ganinsu ta fi driver armashi, alhali aikin da suke nema na jan tirela ne ko motar haya. Saboda haka abin da za ka fara tantancewa shi ne irin direban da kake nufi. A Turanci, chauffeur direba ne da aka ɗauka domin ya riƙa kai mutum ɗaya ko iyalinsa inda suke so, kamar direban gwamna ko na attajiri, wanda yake buɗe wa maigida ƙofa, ya zauna cikin mota yana jira har a tashi daga taro. Wanda yake lodin fasinja a tasha bai shiga ciki ba.

A nan ne waɗanda suka yi karatu da Faransanci, musamman 'yan'uwanmu na Nijar, suka fi yin tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne, domin a Faransanci mai tasi da mai babbar mota duk chauffeur ne. Asalin kalmar ma daga can take, daga chauffer, wato ɗumama abu, kuma da farko tana nufin mai hura wutar injin tururi. Da Turanci ya are ta a ƙarshen ƙarni na 19, sai ma'anarta ta taƙaita ga direban gida.

Bayan haka sai furuci. Harufan ch na farko ana faɗarsu kamar sh, ba kamar c ta Hausa ba; mutanen Ingila suna cewa shofa, Amurkawa kuma sukan ja gaɓar ƙarshe. Ni dai na Ingila nake koyarwa, ya fi sauƙi a bakin Bahaushe.

Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau, kuma galibi wanda ake tuƙawa ake ambata bayanta, ba motar ba. Idan uwa ta ce "I chauffeur my children around", galibi ƙorafi take yi cikin raha cewa yara sun mayar da ita direbansu. Wajen rubutu kuma a kula da f guda biyu, a ƙara ed ko ing a ƙarshe ba tare da ninka r ba.