Darasi na Bakwai: Sabar da Dukushi da Motocin Hanya

Allah Ya halicci doki da gudu a matsayin abin kare kansa, domin a daji shi ake farauta. Saboda haka idan dukushi ya hango babbar mota ta nufo shi ya zabura, bai yi taurin kai ba, halittarsa ce ta motsa. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da daidai bayan wutsiyarsa da kuma daidai gaban goshinsa. Wannan ne ya sa keke, wanda yake tahowa shiru ta baya ya ɓullo kwatsam a gefensa, yakan firgita shi fiye da motar da ya daɗe yana jin ƙararta daga nesa.

Ba a fita hanya da dokin da bai gama sanin linzami ba. Yawanci ana fara hawan doki yana da shekara 3 zuwa 4, kuma kafin ya taka kwalta dole ne a fili ya iya tsayawa idan an tsayar da shi, ya tafi idan an ce ya tafi, ya matsa gefe idan mahayi ya danna shi da ƙafa. Wanda ya tsallake wannan mataki yana wasa da ransa da na dabbarsa.

Aikin farko a gida ake yin sa. A ajiye mota a kashe a fili, a jawo dukushin da ragama, a bar shi ya matso da kansa. Za ka ga ya miƙa wuya, ya kafe kunnuwa, ya buɗe hanci yana huci, ya sansana ƙarfen sannan ya ja da baya. Kada ka ja shi da ƙarfi, kada ka yi masa tsawa. Ka tsaya kusa da kafaɗarsa kana yi masa magana a hankali, har sai ka ga ya sauke kai, ya saki wuya, wataƙila ma ya fara motsa baki kamar mai tauna. Wannan ita ce alamar hankalinsa ya kwanta. Ka zagaya da shi ta dama, ka sake zagayawa ta hagu, domin abin da doki ya saba gani ta ɓangare ɗaya yakan zame masa baƙo ta ɗaya ɓangaren. Bayan kwana biyu ko uku sai a tayar da injin, daga baya a buɗe ƙofa a rufe, a danna hon daga nesa. Idan ya saba da haka, wani ya tuƙa motar a hankali tana gaba, kai da dukushin kuna biye da ita. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai, domin dokin da ya ga abu yana guje masa yakan yi ƙarfin zuciya a kansa. Haka za a yi da babur da keke.

Idan akwai fili mai shinge kusa da hanya, a riƙa barinsa ya yi kiwo a can, yana cin ciyawa motoci suna wucewa.

Ranar fita ta farko, ka nemi abokin tafiya mai tsohon doki wanda ya saba da hanya. A ganina babu abin da ya kai wannan muhimmanci, domin doki dabbar garke ce, kuma ƙarami yana duban babba kafin ya yanke shawarar gudu. Tsohon dokin ya kasance tsakanin dukushin da motoci, ko kuma ya ɗan yi gaba. Ku zaɓi hanya mai faɗin gefe da ƙarancin zirga-zirga, a lokacin da gari yake da haske, kuma minti 15 zuwa 20 sun isa. Ka sa hular kwano da riga mai haske wadda direba zai hango daga nesa, ka duba majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, da linzami kafin ka hau. Tafiya kawai za a yi, ban da sukuwa, domin kwalta tana da santsi a ƙarƙashin kofato.

Idan babbar mota ta doso, mahayi da yawa sukan ƙanƙame linzami, su matse ƙafafu, su riƙe numfashi, alhali doki yana jin duk wannan a bakinsa da bayansa, sai ya tabbatar lallai akwai abin tsoro. Ka zauna daram a sirdi, ka saki numfashi, ka ɗan karkato kansa wajen hanya domin ya ga abin da ke zuwa, kuma ƙugunsa ya kauce daga wajen motoci. Idan ka juya kansa wajen daji, bayansa ne zai faɗa kan titi. Ka ɗaga wa direba hannu ya rage gudu, in ya rage ka gode masa. A Birtaniya, tun shekarar 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya wuce doki da gudun da bai haura mil 10 a awa ba, ya kuma bar tazarar aƙalla mita 2, amma kada ka ɗauka kowane direba ya san halin doki.

Idan dukushin ya firgita, bulala da ƙaimi ba su da wuri a nan, domin zai haɗa zafin duka da ganin mota, gobe tsoronsa ya ninka. Ka matsa da shi nesa da titi zuwa inda zai iya tsayawa ya kalla ba tare da rawar jiki ba. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka sauka ka ja shi da hannu, kana tsakaninsa da motoci. Washegari ka koma matakin da ya riga ya iya, ka sake matsowa kaɗan kaɗan, kuma kada ka fita da shi kai kaɗai sai ya yi makonni yana wuce tirela mai hucin birki ba tare da ya canza taku ba.