Yadda ake karɓar labarin wani a mai da shi fim

Fim ɗina na farko a wani ƙauye kusa da Ringim na ɗauke shi, har yau bai fita ba. Labarin na wata marubuciya ne. Na kira ta a waya, ta ce, "Malam, na ba ka, Allah ya sa albarka." Mun gama ɗauka ke nan Allah ya yi mata rasuwa, magada suka ce ba su san zancen ba. Ban ga laifinsu ba, don ko layi ɗaya ban riƙe a rubuce ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Da farko ka gano a hannun wa haƙƙin mallakar labarin yake. Marubuci kan sayar wa mai buga littafi ko masu karanta littattafai a YouTube, ya manta. Tambaye shi kai tsaye: ka taɓa ba wani?

Sai takarda, nan ne ƙashin bayan maganar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta yarda da sayar da haƙƙi, ko keɓe wa mutum ɗaya izini, da fatar baki ba. A rubuta sunan labarin, a fayyace sayarwa ce ko izini na shekaru kaza. A faɗi inda za a haska: sinima, talabijin, YouTube. A faɗi ko za ka iya sauya labarin ko yin ci gabansa, nawa za ka biya, kuma yaushe. A karanta wa mai labarin da Hausa gaban shaidu biyu. Ni har dagaci nake kira, don a karkara maganarsa tana kashe wuta tun kafin a je kotu.

Idan marubucin ya rasu, haƙƙin ya zama gado, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Kada ka tsaya ga babban ɗa kaɗai, mata da 'ya'ya mata ma su sa hannu.

Waƙa kuma cinikinta daban ne, mawaƙi da mai kiɗa kowa da tasa takardar.

Shaidar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano izinin fitar da fim ce, ba ta mallaka maka labari ba. Idan fim ya kammala, kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya a yi masa rajista. Ba dole ba ce, amma hujja ce ranar gardama.