Raƙumi da kafar allura: yadda nake bambance zahiri da misali a Littafi Mai Tsarki

Shekara talatin ina zura zare a allura a shagona na Sabon Gari, nan Damagaram, kuma kusan rabin shekarun nan ni ke jan nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba a majami'armu. Ban yi makarantar fastoci ba. Abin da na sani na tsinto shi ne a karatu, da bakin dattawa, da kurakuran da na tafka a gaban jama'a. Wani saurayi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya same ni a kan keke ya ce, "Baba, ayar nan ta Matiyu 5:29, wai in idonka ya sa ka zunubi ka ƙwaƙule shi, da gaske ake nufi?" Na ce masa in da haka ake yi, da ran Lahadi kowannenmu da ɗan jagora zai zo sujada, har ni.

Abu na farko, kafin ka tambayi me aya take nufi, tambayi wace irin magana ce. Kunnen Bahaushe ya riga ya iya wannan aiki tun a gindin murhu. In tsohuwa ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse, babu wanda ya taɓa zuwa Birni, tsohuwar unguwar garinmu, ya ɓanɓaro dutse ya aza a wuta, duwatsun ga su nan jibge har yau. Amma in ta ce ka sayo gishiri a Kasuwar Dole ran Alhamis, gishiri take nufi. To, Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne: akwai tarihi, waƙa, doka, wasiƙa, karin magana, wahayi. Zabura 114 ta ce duwatsu sun yi tsalle kamar raguna, waƙa ce. Manzo Bulus kuwa ya rubuta wa almajirinsa Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa (2 Timoti 4:13). Na taɓa jin wani yana wa'azi wai alkyabbar nan adalci ce. Haba! Mutum yana kurkuku, sanyi na tafe, rigarsa yake nema.

Karin magana ma tana da nata tarko. A Karin Magana 26, aya ta 4 ta ce kada ka amsa wa wawa daidai da wautarsa, aya ta 5 ta ce ka amsa masa. Mai neman saɓani sai ya yi tsalle. Mu ma ai muna cewa a yi haƙuri, muna kuma cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowace da ranarta.

Sai ka karanta gaba da baya, kada ka yanki aya kamar ƙyalle ka tafi da ita. Sau da yawa littafin da kansa yake warware maka. A Matiyu 16 Yesu ya ce wa almajiransa su yi hankali da yistin Farisiyawa, wato wata ƙungiyar malaman Yahudawa, su kuwa suka ɗauka don sun manta guzurin gurasa ne, sai aya ta 12 ta faɗa ƙarara cewa koyarwarsu ake nufi. Nikodimu ma, wani shugaban Yahudawa, a Yahaya 3, da aka ce masa sai an sāke haihuwar mutum, tambaya ya yi ko tsoho zai koma cikin uwarsa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Maƙwabcin shagona malami ne, yana tafsiri da azumi, kuma mun fi shekara ashirin muna shan shayi a inuwa ɗaya. Ranar da ya ga ina ware zare, ya ba ni labarin sahabi Adiyyu ɗan Hatim. Aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta ce mai azumi ya ci ya sha har farin zare ya bayyana daga baƙin zare. Sahabin nan ya sa igiya biyu, fara da baƙa, a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare, har Annabi ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Malam ya ce aya ta 7 ta Ali Imrana ta kasa ayoyi biyu, muhkamai masu bayyanannar ma'ana da mutashabihai, kuma a kan na biyun ne malamansu suka daɗe suna muhawara: wasu su yi tawili, wasu su bar lafazi yadda ya zo ba tare da tambayar "yaya" ba. Ban ce addininmu ɗaya ba, shi ma bai ce ba. Amma zaren ya shiga kaina.

Yanzu ga kuskurena, don ka kauce masa. Matiyu 19:24 ta ce ya fi sauƙi raƙumi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah. Shekaru ina koyar da cewa akwai wata ƴar ƙofa a ganuwar Urushalima mai suna Kafar Allura, sai an sauke wa raƙumi kaya ya durƙusa kafin ya wuce. Labarin na da daɗi, masu hali ma sun fi kowa son sa. Daga baya na gane babu wata shaida ta zamanin Yesu da ke nuna an yi wannan ƙofa. Da na karanta aya biyu a gaba, da ban ɓata ba: almajirai sun firgita suka ce to wa zai tsira, Yesu ya ce ga mutane ba mai yiwuwa ba ne, sai ga Allah. Ni da nake riƙe da allura kullum, nake kuma ganin raƙuman Buzaye na wucewa, ni ne na faɗaɗa kafar don kowa ya ji sanyi. (Malam ya ce irin wannan kamancen yana cikin Suratul A'arafi aya ta 40.) Magana tana iya zama misali ba tare da kaifinta ya dakushe ba.

Kada kuma ka ɗauka kai ne na farko da ya tsaya a kan aya. Tun ƙarni na 3 Orijin, malamin Kirista na Iskandariya, yake neman ɓoyayyar ma'ana kusan a kowace kalma, malaman Antakiya irin su Yahaya Kirisostom kuma suka fi riƙe zahirin tarihi. Yahudawa suna da matakai huɗu na fassara, daga ma'anar fili har ta asiri. A 1529, a garin Marbug na Jamus, Luta da Zuwingili, jagororin Furotesta, sun daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan "wannan jikina ne" da Yesu ya faɗa a kan gurasar Jibin Ubangiji: Luta ya ce zahiri ne, Zuwingili ya ce alama ce. In waɗannan ba su gama ba, kada ka raba zumunci da ɗan'uwanka a kan kwanaki shida na halitta a littafin Farawa ko lambobin littafin Wahayi. Tambayi fastonka, gwada fassara biyu, ta Hausa da ta Faransanci in kana ji. Tun 1932 muke da cikakken Littafi da Hausa, kuma tsohuwar fassara da sababbi ba kullum suke zaɓen kalma ɗaya ba. Ma'aunin da na fi amfani da shi na Agustin ne, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430. A koyarwarsa, fassarar da ba ta ƙara maka ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, ba ka fahimci nassin ba tukuna.

Abin da ya fi wuya shi ne tuhumar kanka. Lura da kyau: ayar da ta taɓa aljihunmu ko girman kanmu, nan da nan mukan ce misali ce, wadda ta daki wani kuwa, zahiri ce tsantsa. Duk lokacin da fassararka ta zo daidai da son ranka kamar rigar da aka gwada ka, sāke awo.

Wata bazara, cikin Afrilu, famfon unguwarmu ya kwana huɗu bai ɗiga ba, ƴan ga-ruwa sun ninka kuɗin jarka. Ni kuwa na tara duro biyu a ɗaki. A Larabar makon na koyar a kan Matiyu 10:42, mai ba da ko kofin ruwan sanyi ba zai rasa ladansa ba, na kuma zuba bayani cewa ruwan nan Maganar Allah ce da muke shayar da masu ƙishi. Washegari da hantsi yarinyar maƙwabta ta yi sallama da tulu, na ce a gaya mata namu ma ya kusa ƙarewa. Matata tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Maigida, to ko ka fita ka karanta mata aya a tulun?"

Na tashi na buɗe duro.