Yadda na gyara matsalar bireziyar motsa jiki

Wata uku ina fita sassarfa da safe, kafaɗuna na ciwo, igiyar bireziya har ta yi min shaida a fata. Ashe robar da ke zagaye haƙarƙari ita ke ɗaukar yawancin nauyi, tawa kuwa ta saki, tana hawa baya.

Na ɗauki tef ɗin tela na auna ƙasan ƙirji, sannan kan nono. Na sayi wadda yatsu biyu kawai ke shiga ƙarƙashin robarta. Na gwada tsalle a ɗaki, ba ta gusa ba. Launi ma na bar fari, na koma ruwan ƙasa, don ba ya nunawa ta cikin farar riga. Yanzu da hannu nake wankewa, in shanya a inuwa, saboda zafin rana yana kashe roba.